Inuwa ko Ciyawa? Sharhi Daga Tsakar Gidajen Bacirawa

Bara da kaka wani ƙanena da ke aiki a Abuja ya gama gyaran gidanmu na gado a Bacirawa. Ya cire darnin kara ya ja katangar bulo, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗora tanki a sama. Abu ɗaya ya rage masa, wato filin da ke bayan ɗakin Inna, inda wata tsohuwar darbejiya da mangwaro biyu suka haɗa kai suka yi rumfa. So yake ya ga wurin kore shar kamar harabar otal-otal ɗin da yake gani a can. Sai ya bugo mini waya: "Yaya, wace irin ciyawa ce ke yi a inuwa? In sayo iri in aiko." Ban kai ga buɗe baki ba Inna, da ke zaune kusa da ni tana tsince wake, ta riga ni: "Ciyawa a cikin gida? Shekara hamsin ina share ta, yau kuma da kuɗi za a sayo a dasa mini?"

Dariya muka yi a lokacin, amma tambayar ba ta ƙanena kaɗai ba ce. Duk wanda ya zaga ƙauyukan arewacin Kano a 'yan shekarun nan, daga Ungogo zuwa Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi har Dambatta, zai ga sababbin gidajen bulo na 'ya'yan da suka yi boko ko kasuwanci suka dawo suka gina a gida, kuma kusan kowane da sha'awar ɗan koren fili. Littattafai da shafukan intanet da ake samun shawara daga gare su kuwa na Turawa ne, an rubuta su don filin da ke bayan gidajensu. Mu ko sunan wurin ba mu da shi, don in ka ce wa Bahaushe za ka dasa ciyawa a bayan gida, wani wuri daban zai fahimta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa baƙon abu ne, kuma baƙo sai an yi masa tambayoyi kafin a ba shi masauki.

Shimfiɗar ciyawa ta ado ɗabi'ar Ingila ce, ƙasar da ake yayyafi kusan duk shekara, rana kuma ba ta da zafi. Can ciyawa da kanta take fitowa, aikin mutum kawai aski. A 1830 wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙera injin aske ciyawa, abin da a da sai masu dukiya da barori da lauje ya zama na kowa. Da Turawa suka ci Kano a 1903 suka kafa unguwanninsu a Nassarawa da Bompai, sun zo da wannan sha'awa, da filin sukuwa da na folo da na golf. Ko su ɗin ma ƙasar ta gagare su a wasu wuraren: a filayen golf da dama na Arewa, inda ya kamata a ga lallausar ciyawa a bakin rami, yashi aka riƙa cakuɗawa da mai ana daddaɓewa. Masu mulki ke nan, da leburori da famfo.

A wajenmu tsakar gida wurin aiki ce. Nan ake daka, nan ake shanyar kuɓewa da barkono, nan ake sussuka da casa, nan murhu yake, nan yara ke rarrafe, nan ake shimfiɗa tabarma da daddare lokacin bazara. Macen da aka ga ciyawa ta tsiro a ƙofar ɗakinta, ƙazama za a kira ta. Shara safe da yamma kuma ba don ido kaɗai ba ce: a kan shararriyar ƙasa ana ganin sawun maciji, ana ganin kunama tun daga nesa. Ciyawa tana da daraja ƙwarai a wannan yanki, sai dai a gona da turke take da ita. Karkarar Kano na cikin wuraren da aka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya yaba yadda ƙasar take a nome, Michael Mortimore kuma, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya shafe shekaru tun daga 1960 da wani abu yana nazarin yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu amma ba ta mutu ba. Sirrin da ya gani kowane yaron ƙauye ya san shi: da damina dabbobi a ɗaure suke, duk ciyawar da aka cire a gona ana ɗauko ta a zuba musu, da rani su ci harawa da karmami, takinsu kuma a loda wa jaki a mangala ya koma gona. A irin wannan tsari, ciyawar da za a ba ruwa, a ba taki, a aske, sannan a hana akuya taɓawa, dole ta ba tsohuwa mamaki.

Duk da haka ban ga laifin mai son kore a gidansa ba. Ciyawa na kashe ƙurar hunturu, tana hana taɓo da marka, tana riƙe ƙasa kada ruwan indararo ya zaizaye gindin katanga, kuma wurin da take ya fi siminti sanyi nesa ba kusa ba. Matsalar tana wajen haɗa ta da inuwa.

Tsiro da hasken rana yake dafa abincinsa a cikin ganye. Ciyayin ƙasashe masu zafi, dangin gero da dawa, an halicce su ne don rana tsagwaronta. Iya zafinta iya jin daɗinsu, muddin da danshi a ƙasa. In aka sa su a inuwa sai su shiga neman haske: ganye ya yi tsawo ya sirance, kara ya yi laushi, yaɗo ya tsaya, saiwa ta ƙi nitsewa don abincin da za a aika mata bai samu ba. Wata na farko mai gida zai ga kore ya yi murna, bai san tsiron guzurinsa yake ci ba. Kafin wata uku a fara ganin ƙasa ta tsakani, yara su taka, kaji su tona, shi ke nan. Manomi ya san wannan a gonarsa, don ya ga yadda dawar da ke gindin ɗorawa take zama 'yar siririya ba zangarniyar kirki. Ga kuma kishiya ta biyu a ƙarƙashin ƙasa: saiwoyin bishiya sun riga ciyawa zuwa da shekaru, sun mamaye ko'ina, duk ruwan da aka zuba su za su fara sha.

Saboda haka tambayar farko ba ta irin ciyawa ba ce. Wace bishiya ce ta yi inuwar?

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi ko maina, ita ce sarauniyar inuwar gidajenmu a yau, ko da yake baƙuwa ce: asalinta Indiya da maƙwabtanta, kuma a 1928 aka fara dasa ta a Borno. Tana riƙe ganye mafi yawan shekara, saiwoyinta suna tafiya nesa kusa da saman ƙasa, tana zubar da ganye da 'ya'ya ba ƙaƙƙautawa. Dubi gindin kowace babbar darbejiya a ƙofar masallaci ko bakin kasuwa, fes za ka gan shi, kuma ba sawun mutane kaɗai ya share shi ba. Mangwaro ya fi ta duhun inuwa. Tsohon mangwaro da tsakar rana ko ɗigon haske da ƙyar yake saki. Tsamiya haka, ga ganyenta mai tsami da ke taruwa a ƙasa. Durumi da ceɗiya inuwar fada da dandali ce, ta zama ce ba ta shuka ba. Itacen turare kuwa inuwarsa ba ta da kauri, amma wajen shanye danshi ba shi da na biyu a cikinsu.

A ɗaya ɓangaren akwai masu sakin haske: zogale, dabino, goruba, giginya, gwanda, da kuka wadda ke tuɓe ganyenta gaba ɗaya da rani. Sai gawo, wanda lamarinsa ya sha bamban da na kowa. Shi da damina yake zubar da ganye, lokacin da sauran itatuwa ke ado, sai da rani ya yi kore. Wato yana ba shuka rana a lokacin da take bukatarta, yana ba dabba inuwa da 'ya'ya lokacin da babu komai a fili, ganyen da ya zuba kuma taki ne. Shi ya sa geron gindin gawo ke fin na tsakiyar gona. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma sun dawo da miliyoyin itatuwa a gonakinsu ta hanyar da suke kira sassabin zamani, wato barin toho daga kututture a rene shi maimakon a sassabe shi, kuma gawo na sahun gaba a cikinsu. Da inuwar gawo ce a gidanmu, da amsar ƙanena ta zo da sauƙi. Sai dai ƙayarsa ba ta barin a yi zaman tabarma a gindinsa, shi ya sa ba a cika ganinsa a tsakar gida ba.

Ban da bishiya akwai inuwar katanga da ta ɗaki, wadda mutane ke mantawa tana tafiya da watanni. A Kano rana kan tsaya daidai tsakar ka wajen ƙarshen Afrilu da kuma ƙarshen Agusta, tsakanin nan ma ta ɗan karkata arewa. A Disamba kuwa kudu take jinginewa sosai, har katanga mai tsawon mita 3 ta jefa inuwar kusan mita 2 ta arewacinta da tsakar rana. Wurin da ka gani da rana a watan Yuli yana iya wuni a inuwa a watan Janairu. Hanyar da na fi amincewa da ita ba ta bukatar na'ura: a samu rana guda a zauna a gida, tun hantsi har la'asar sakaliya, duk bayan awa ɗaya a zaga da toka a shata inda rana ta sauka. Da yamma ƙasa za ta faɗa maka gaskiya. Inda ya sami awa shida ko fiye, fili ne na ciyawa. Inda ya sami uku zuwa huɗu, ana iya gwadawa da dabara. Inda bai kai uku ba, a haƙura.

To, wace ciyawar?

Bari mu fara da wadda za a guje wa. Irin da ake sayarwa cikin kwali ko leda daga Turai da Amurka, da hoton koren fili da rubutun cewa na inuwa ne, mafi yawansa ciyawar ƙasashen sanyi ce. Gaskiya ne tana jure inuwa, amma inuwar ƙasar da zafinta bai cika wuce digiri 25 ba. In aka shuka ta a Kano cikin Disamba za ta fito gwanin sha'awa, don sanyin hunturu ya yi mata kama da gida. Da zarar Maris ya shiga, Afrilu ya kawo digiri 40, ko a tafki aka ajiye ta sai ta ƙone. Mai gida ya ɗora laifin a kan yaron da ke ban ruwa, alhali tun daga kanti aka yi kuskuren.

Tamu ta gida ita ce kiri-kiri. Tana nan a bakin rijiya, a gefen rafi, a gaɓar madatsun ruwa irin na Watari da Tomas, da duk inda ruwan alwala ke kwarara a bayan masallaci. Tana yaɗo a sama tana yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, ana taka ta ta tashi, akuya ta gwaigwaye ta ta sake toho, in rani ya yi tsanani ta bushe kamar ta mutu, ruwan farko ya farfaɗo da ita. Ita ce Amurkawa ke kira da sunan tsibirin Bamuda ko da yake ba can ne asalinta ba, kuma a garin Tifton na jihar Jojiya wani masani mai suna Glenn Burton ya yi ta auratayya tsakaninta da danginta na Afirka har aka fitar da nau'o'in da ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo da na golf a ƙasashe masu zafi. Abin da manomin fadama ke yaƙi da shi da fartanya, wasu sun mai da shi sana'ar miliyoyi. Amma kiri-kiri na da aibi ɗaya, kuma shi ne ya shafe mu: a cikin ciyayin ado na ƙasashen zafi tana cikin waɗanda suka fi ƙin inuwa. Ƙasa da awa shida na rana, sai ta fara ja da baya. Za ka gan ta ta zo har bakin inuwar mangwaro ta tsaya cak kamar an ja mata layi.

Masu sayar da furanni a gefen titunan birni sukan ba da wadda suke kira kafet, mai faɗin ganye, mai kwanciya luf a ƙasa. Asalinta yankin Amurka mai zafi da ruwa, kuma a kudancin Nijeriya ta zama 'yar gida, har a ƙarƙashin kwakwar manja tana yi. Tana jure inuwa fiye da kiri-kiri sosai. Sai dai saiwarta ba ta da zurfi, ba ta san ƙishirwa ba. A Fatakwal sama ke shayar da ita, a Bacirawa kai ne za ka zama samanta wata bakwai zuwa takwas a shekara. Akwai wata mai kaurin yaɗo da faffaɗan ganye mai dakusasshen baki, wadda Amurkawa ke kira Sent Ogastin. A cikin ciyayin ƙasashen zafi ita aka fi yaba wa wajen haƙuri da inuwa, awa huɗu na rana kan ishe ta. Ba a shuka ta da iri, dasa yaɗonta ake yi, ba ta son yawan taku, ita ma kuma mashayiya ce. Zoyisiya ta gabashin Asiya tana tsakatsaki, kyakkyawa ce amma nawarta wajen rufe ƙasa kan ƙure haƙurin mai gida. A Afirka ta Kudu suna da wata 'yar'uwar guɗe-guɗenmu da suke kira da sunan birnin Durban, wadda ke yi har a gindin manyan itatuwa, amma ta bakin teku ce, inda iska ke ɗauke da danshi. Sunayen nan kuma kada a dogara da su a bakin mai sayarwa, don suna ɗaya kan hau ciyawa uku. Abin da ya fi shi ne ka nemi gida ko makaranta ko ofis a nan Kano inda ka ga ciyawa na raye a ƙarƙashin bishiya irin taka, ka tambayi mai kula da ita sau nawa yake ba ta ruwa a watan Afrilu, sannan ka roƙi yaɗo daga nan.

Ɗauko ciyawa daga wata ƙasa zuwa wata ma ba abin wasa ba ne. Gambar da muke saƙa zana da ita, muke shata iyakar gona da ita, an kai ta arewacin Ostireliya a shekarun 1930 don kiwon shanu. Da ta sami fili ba mai yanka, sai ta mamaye dazuzzukan wajen Darwin, tana kai mita 4, gobararta na cinye manyan itatuwa, yau tana cikin jerin miyagun ciyayin da gwamnatin ƙasar ke kashe kuɗi don kawar da su. Mu a nan ɗan dami ɗaya na gamba kuɗi ne.

Akwai ciyawarmu guda da ke son gindin bishiya da gaske: kyasuwa. Da damina duba ƙarƙashin itatuwan gona da gefen shinge, ita za ka tarar ta yi tsayi. Dabbobi na son ta tana ɗanya, ana kuma busar da ita a adana. Amma ba ta shimfiɗa ba ce, tsaye take tashi har ƙugun mutum ko fiye, shekara ɗaya take yi ta zubar da iri ta mutu. Harƙiya da guɗe-guɗe da tuji su ma 'yan damina ne, da kaka sun tafi. Wanda ke da kango a bayan ɗaki da tumaki a turke, ya bar kyasuwa ta fito ya riƙa yanka da lauje, ya ci riba biyu. Wanda ke son wurin zama mai laushi a watan Maris, ba ita ce amsarsa ba.

Yanzu ga lissafin da ya sa ƙanena ya yi shiru a waya. Ruwan Kano na sauka ne tsakanin Mayu ko Yuni zuwa Satumba ko farkon Oktoba, sauran watannin ko ɗigo. Da rani, koren fili a sarari kan rasa abin da ya kai milimita 5 na ruwa ko fiye kowace rana, tsakanin wanda rana ta busar da wanda ganye ya fitar. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi ke nan zai sha lita 500 a rana, jarka 20 ta lita 25, kusan kurar ɗan garuwa biyu, kullum, har wata bakwai. Inuwa na rage wannan, gaskiya ne, amma abin da inuwa ta rage saiwar darbejiya za ta karɓa. Ƙasarmu kuma jigawa ce, rairayi ya fi yawa, ruwa ba ya zama. Mai rijiyar burtsatse da faifan sola zai ce ruwansa kyauta ne. Ni ban yarda ba. A ƙauyen da rijiyoyin maƙwabta ke ƙafewa da bazara, mata da yara na layi da bokiti, jarka ashirin a rana don abin da ba a ci ba a sha abu ne da ya kamata mutum ya yi wa kansa hisabi a kai, ko da ba wanda ya yi masa magana. Da wannan ruwan za a raya fangalin alayyafo da latas da albasa da zai ciyar da gidan har a kai wa maƙwabta.

Sannan ga mazauna gidan da ba a yi shawara da su ba. Kaza ba ta san ado ba, danshi ta gani, kuma inda danshi yake nan tsutsa take. Akuya in ta tsinke igiya sau ɗaya ta gama da aikin wata biyu. Gara na bin busasshen ganye da matacciyar ciyawa, kuma daga nan zuwa azarar ɗaki ko ƙafar rumbu ba nisa. Game da maciji da sauro, a yi adalci: gajeriyar ciyawa da ake askewa ba ta ɓoye kububuwa, kuma sauro a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, ba a ganye ba. Amma ciyawar da aka bari ta yi tsawo a lungu mai duhu da laima mafaka ce ga duka biyun, kuma a gidan da mai sha'awar ciyawar ke Abuja, tsohuwa ke gida, wa zai riƙa askin?

Wanda ya auna duk wannan ya ga yana da awa huɗu na rana, yana da ruwa, yana da mai kula, to ga yadda zai rage asara. Ya fara da bishiyar: a datse rassan ƙasa, a ɗaga mata riga, don ranar hantsi da ta la'asar su riƙa shigowa ta gefe. Wannan ba sabon abu ba ne, manoma na yi wa itatuwan gona haka kowace shekara don itacen girki da ganyen dabbobi. Mangwaro dai a bari sai an gama cin 'ya'yansa. A bar da'ira mai faɗi a gindin bishiya ba ciyawa, kuma kada a tula sabuwar ƙasa a kan saiwoyinta, yin haka na iya shaƙe ta. A kafce wurin sama-sama a zuba ruɓaɓɓen taki wanda ya kwana biyu, don ɗanyen taki na zuwa da irin ƙarangiya da gwazarma. A yi dashe in damina ta kama sosai, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, a jera yaɗon da tazarar taƙi ɗaya, sama ta yi maka ban ruwan wata biyu kyauta. Kuma kada a yi dukan wurin a shekarar farko: a gwada taku uku a kan huɗu, a ga yadda zai fita daga bazara.

Renon ciyawar inuwa kuma kusan kishiyar na sarari ne. Ba a yi mata ƙwal-kwabo. A bar ta ta kai kamar yatsa huɗu, don kowane ɗan ganye tarkon haske ne, kuma a aski ɗaya kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku. Takin zamani, musamman yuriya, a rage shi ƙwarai, rabin abin da za a ba ta rana ma ya isa. In ya yi yawa sai ta zuba ganye mai laushi saiwa ta rame. Ruwa da safe, a ƙosar da ƙasa sannan a bar ta ta sha iska, ya fi yayyafin kullum da yamma, wanda ke kwana a ganye ya jawo ruɓa. Ganyen da bishiya ta zubar a kwashe shi da tsintsiya ko manjagara kafin ya rufe ta. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka ana iya karkata rariyarsu can, amma na wanki mai omo, in ya daɗe, yana kashe ƙasa. A kuma fitar da hanyar wucewa ta dabam da tsakuwa ko bulo, don ciyawar inuwa in aka taka ta ba ta saurin murmurewa.

Inda inuwa ta yi duhu kuwa, kakanninmu sun riga sun ba da amsa. Daɓe, wanda mata ke taruwa su yi da tsakuwa da madaɓi, a yayyafa makuba ta ɓawon ɗorawa ya yi ƙarfi ya yi sheƙi, ya fi kowace ciyawa dacewa da gindin mangwaro: ba ya shan ruwa, ana share shi, ana shanya a kansa. Wanda ya ga daɓe ya tsufa, ya zuba yashi mai laushi ko ƙananan tsakuwa, waɗanda ke barin ruwan sama ya kai ga saiwa. Malale gindin bishiya da siminti har wuya, kamar yadda ake yi yanzu a birni, shi ne ban ba da shawara ba, don yana riƙe zafi yana kuma hana bishiyar sha. Ciyawar roba da ake shimfiɗawa a wuraren biki tana yi a inuwa tunda ba rai gare ta ba, amma ƙurar hunturu da kashin kaji za su nuna mata ƙauye. In kore ake so lalle, a gefen da haske ke ɗan ratsowa na'ana'a na yi, gwaza na yi in da ruwa, citta da gangamau ma sun saba da rabin inuwa, kuma duka suna ƙarewa a tukunya.

Abin da na fi tsoro, kuma na gan shi a gidaje fiye da ɗaya, shi ne mutum ya dasa ciyawa ta ƙi, ya sake ta ƙi, sai ya kira mai gatari. Darbejiyar da ta ɗauki shekara talatin tana girma ta faɗi a wuni ɗaya, ciyawa ta yi kyau, mutanen gida kuma su koma ɗaki suna fifita da azahar a watan Afrilu, ba wuta ba iska. A ƙasar da zafi ke kai digiri 40, inuwar tsohuwar bishiya ta fi koren fili amfani ga tsoho da jariri da dabba, kuma ciyawa ana samunta a damina ɗaya.

A gidanmu toka ta raba gardama. Ƙarƙashin mangwaro bai sami ko awa biyu ba, aka bar wa Inna abinta, aka zuba yashi aka ajiye mata gadon kara. Ta gabas, inda rariyar alwala ke fita, rana na wuni har azahar. Can muka dasa kiri-kirin da yara suka ciro daga bakin rafi, taku uku a kan biyar, muka kewaye da waya saboda kaji. Ba a kashe ko sisi a kan iri ba.

Mai niyyar sayen ciyawa bana, don Allah ya dakata tukuna ya auna ranar gidansa, ya ƙirga jarkokinsa na watan Afrilu, ya kuma tambayi wadda ke share tsakar gidan. In lissafin bai fita ba, ya bar bishiyarsa a tsaye. Allah ya ba mu damina mai albarka.